Gwaggwaron Raliat Ba Ya Cin Fil

Duk matar da ta yi biki a Fagge ko Sabon Gari a shekarun da soja suka koma bariki, in dai ta isa mace, to kanta ya bi ta hannun Raliat. Hausawa Raliya suke ce mata, 'yan'uwanta Yarabawa kuma Iya Fareedah, da sunan 'yarta tilo. Sana'arta ɗaya ce tak, ɗaurin gwaggwaro, wannan ɗankwalin mai tauri da mata ke kafawa ranar biki ya tashi sama. Kada ka raina. Da shi ta je Makka, da shi ta yi wa gidansu siminti.

A Kwaciri aka haife ta. Kakanta ne ya zo daga Ogbomosho da fataucin goro tun zamanin Turawa, ya ga wuri ya zauna. Hausa a bakin Raliat kamar ta 'yar cikin birni, har ta fi da yawansu iya baƙar magana. Yarabanci kuwa sai ranta ya ɓaci yake fitowa.

Shagonta yana bakin Kasuwar Sabon Gari, ɗan tsukuku ne tsakanin mai takalman mata da mai gyaran agogo. In ka shiga, benci ne na masu jira, sai wani koren labule. Bayan labulen kujera ɗaya ce da madubi, kuma madubin kullum bango yake kallo. Dokar Raliat ke nan: ba mai shiga bayan labule sai mai kan, ko ke uwar amarya ce a benci za ki tsaya, kuma ba a juyo madubi sai ta gama. Dalili kuwa, ɗaurinta ba ya cin fil. Sauran masu ɗauri sai sun soka fil nan, sun soka can, mace ta wuni tana tsoron juya wuya. Na Raliat a ɗaura shi da hantsi, a shiga mota, a yi rawa, a rusuna a gaida surukai, yana nan daram har a watse. Asirin yana cikin kulli na ƙarshe, wata 'yar murɗa da take yi da babban yatsa a bayan kunnen hagu, ta tura bakin zanen ya shige ya kama kansa. Mata suka sa masa suna ɗaurin Raliya, kuma wallahi wannan sunan ya fi mata kuɗin daɗi.

Ita ma gado ta yi, kuma gidansu yana da yadda ake miƙa shi. Uwa ba ta nuna wa 'yarta kullin sai safiyar ranar aurenta. A rufe ƙofa, uwa ta ɗaura a kan 'yar, ta kwance, ta kama yatsanta ta kai shi wurin. Sannan amarya ta ɗaura wa uwar, uwar ta fita da shi gaban jama'a, kowa ya san an miƙa. Haka mahaifiyar Raliat ta yi mata, haka kakarta ta yi wa mahaifiyar. Shi ya sa Fareedah ta tashi a gindin shagon nan, ta yi rarrafe a kan bencin, amma ba ta taɓa ɗaga koren labulen ba. In ta matsa, uwar ta ce, "Ranarki na zuwa, ina ajiye miki."

Da mulkin farar hula ya dawo, kasuwar Raliat ta buɗe yadda ba ta taɓa zato ba. Wanda jiya yake sayar da taya yau kansila ne, matarsa kuma dole a gan ta. Walimar rantsuwa, taron mata, bikin 'yar ciyaman, kowace ƙungiya da ankonta. Wayar hannu ta shigo, sai ga Hajiyoyi suna kira daga Nassarawa suna roƙo a sa su a layi. Aiki ya fi ƙarfin hannu biyu, shi ne ta yarda ta ɗauki 'yar koyo.

Azeezat sunanta, 'yar wata aminiyar dangi. Uwarta ta kawo ta da goro da lemo kamar yadda Yarabawa ke yi, ta durƙusa ta ce ga 'ya nan, a koya mata abin da za ta ci abinci. Yarinya ce siririya, ba ta da surutu. Ita ke goge gwaggwaro, ita ke ninke ashoke, saƙin nan na Yarabawa, ita ke jera tattara ta fari a waje. In an zo kulli sai Raliat ta ja mai kan bayan labule, Azeezat ta koma benci. Shekaru aka yi a haka ba ta taɓa leƙe ba.

Rannan tsautsayi ya faɗa. Ana gobe bikin 'yar wani babban ɗan siyasa, ƙofar mota ta datse wa Raliat babban yatsan dama. Ya kumbura suntum, ko cokali ba ta iya riƙewa. Gari ya waye, ga amarya, ga ƙawaye cike da shago, ga uwar biki tana duba agogo. Raliat ta gwada da hagu, abu ya ƙi. Gumi ya karyo mata. A ƙarshe ta leƙo ta yafito Azeezat.

"Shigo. Rufe idonki."

"Mama?"

"Na ce rufe! In na ga kin buɗe, yau za ki koma gidan uwarki."

Azeezat ta runtse ido gam. Raliat ta kama babban yatsan yarinyar da hannun hagu ta kai shi bayan kunnen amarya, ta murɗa, ta tura. Haka suka yi wa amarya, suka yi wa ƙawaye ɗaya bayan ɗaya har aka sallami kowa, yarinya ba ta buɗe ido ko sau ɗaya ba. Raliat ta koma gida tana yaba wa kanta dabara. Kaico, wayo ya yi mata yawa. Ta manta ita ma ba da ido ta koya ba, yatsanta aka kama.

Da lokaci ya yi aka yi wa Azeezat bikin yaye. An dafa shinkafa, an yi addu'a, Raliat ta sa mata albarka a gaban mutane da zuciya ɗaya. Yarinya ta kama wani lungu a cikin Sabon Gari ta buɗe nata wurin, tana ɗauri da fil kamar kowa. Duk sallah sai ta zo da turmin atamfa ta durƙusa ta gaida uwar ɗakinta. Raliat ba ta taɓa kawo komai a ranta ba.

Sai manyan wayoyi suka cika gari, irin waɗanda ake shafawa. Kowa ka gani kansa a sunkuye. Raliat ba ta damu ba, tata ƙaramar mai tocila tana kira tana amsawa, me kuma ake nema? Ta dai lura bencinta ya fara sauƙi, ta ɗora wa tsadar rayuwa.

Hajiya Kubura ce ta fasa mata ƙwan. Tsohuwar mai zuwa ce, tun farkon buɗe shago take kawo kanta. Ta shigo rannan tana fara'a, ta zauna, ta miƙo waya.

"Raliya, ashe kin shiga duniya ba ki gaya mana ba? Kalli 'yarki."

Raliat ta karɓa. Ga Azeezat nan a cikin waya, ta zaunar da wata budurwa a kujera, haske tar. Tana cewa, "Wannan ɗaurin ba nawa ba ne, na uwata ne a sana'a, Mama Raliat ta Fagge, Allah ya ƙara mata lafiya." Sai ta shiga jera tattara a hankali tana bayani, Hausa da Turanci a gauraye. Da ta zo ƙarshe aka matso da hoton daf da kunnen hagu. Babban yatsa ya murɗa, ya tura. Ta kwance ta sake, wai don wadda ba ta gani da kyau ba.

Raliat ta ji kamar an tuɓe ta a tsakiyar kasuwa. Abin da kakarta ta rufe ƙofa ta nuna, abin da ta hana 'yar cikinta gani, shi ne nan a tafin hannun Kubura.

"Nawa ake biya a kalla?" ta tambaya.

"Biya kuma? Kyauta ne, in dai kina da data. Jikata ce ma ta turo min."

Ko mayafi Raliat ba ta gyara ba ta tare a-daidaita-sahu. Ta tarar da Azeezat da mata biyu suna jira, ba ta ko dube su ba. Yarabancin ya fito, Hausar ta biyo baya. Azeezat ta zube gwiwa biyu a ƙasa, ta bari sai da ruwan ya tsagaita.

"Mama, ki yi haƙuri. Wallahi ban buɗe ido ba ranar, hannuna ne ya riƙe. Na daɗe ina ɓoyewa don girmanki. Amma 'yan Legas sun cika waya da nasu ɗaurin, 'yan matan Kano suna koyo, in muka yi shiru namu ne zai mutu. Shi ya sa na fara da sunanki. Ki zo mu yi tare, Mama. Ki zauna a kujera su gan ki, su san mai abin."

Maganar gaskiya, tayi ne mai kyau. Amma Raliat ba tayin ta ji ba, abin da ta ji shi ne yarinyar da ta koya wa riƙe dutsen guga yau ita ke gayyatarta.

"Ni? Ni zan zauna ki haska ni kamar 'yar wasa? Ki cire sunana daga bakinki! Ki goge wannan abin. Daga yau ko a waya, ko a gaban mutane, in kika ƙara haɗa sunana da wannan tallar taki, ban yafe ba. Kin ji ko ba ki ji ba?"

"Na ji, Mama."

Kuma ta ji ɗin. Azeezat ba ta taɓa saɓa mata ba, ba kuma ranar za ta fara ba. Ta goge bidiyon. Sai dai abin da ya shiga waya ya riga ya shiga, mutane suka dame ta da tambaya ina ya tafi. Bayan 'yan kwanaki ta ɗauki sabo, ɗauri iri ɗaya, kulli iri ɗaya, ba sunan kowa. A shafinta Zizi take kiran kanta. Kafin shekara ta zagayo, daga Kano har Kaduna, 'yan mata ɗaurin Zizi suke cewa.

Abin da ya fi ci wa Raliat rai shi ne lissafin ya ƙi fita. Ita a saninta, in ka ba da abin hannunka kyauta ka talauce, haka ta ga duniya tun tana yarinya. To ga wadda ta watsar da asiri a titi, kuma ita ce ke hawa. 'Yan Kantin Kwari suna kai mata leshi da gwaggwaro ta ɗaura a bidiyo ta faɗi lambar shagonsu, su biya ta. Masu hoda da jambaki suna bin ta. Matan da suka kalla suka kasa, su ne kuma suke zuwa ta koya musu a aji, su biya. Waɗanda suka iya da kansu a gida, in babban biki ya tashi sai su ce ai sai dai hannun Zizi da kanta. Aka fara aiko mata da tikitin jirgi zuwa Abuja. Ta bar lungu ta kama shago mai gilashi, ta sayi mota.

Shagon Raliat kuwa ya zama wurin hirar tsofaffin ƙawaye. 'Yan mata ba sa zuwa, me za su zo yi? Sun jingina waya a jikin madubi sun ɗaura abinsu. Wata ma da ta shigo, cewa ta yi, "Mama, kin iya ɗaurin Zizi?" Raliat ta nuna mata ƙofa.

Hassada ba ta da kunya, wannan kowa ya sani. Matar da ta rantse ba za ta riƙe wayar shafawa ba, sai ga ta ta saya a ɓoye, ta sa mai gyaran agogo ya buɗe mata shafin. Tsakar rana in ba kowa sai ta shige bayan koren labule ta zauna a kujerar masu ɗauri tana kallon Azeezat. Kuskure take nema. "Dubi tattara kamar ta mai koyo. Dubi yadda take washe baki." Ta gangara ƙasa ta karanta yabon da ake zubawa, kowane ɗaya kamar ana ɗiga mata barkono a ido, amma ba ta iya dainawa. In ta ga wani ya kushe, ranar har abinci ta fi ci. Da ta idar da salla takan yi istigfari a kan abin, gobe kuma ta koma.

Har a gida ba ta tsira ba. Mijinta Alhaji Yekini leshi yake sayarwa a Kwari. Rannan tana kallo sai ta ji Azeezat na cewa wannan leshin daga shagon Alhaji Yekini yake, layi kaza. Da ya dawo ko sannu da zuwa bai samu ba.

"Alhaji, har da kai?"

Ya gane nan take, ya zauna yana cire takalmi. "Iya Fareedah, kasuwa ce. Dilan leshin da ya yi wata shida a kwance, yarinyar nan ta ɗaga shi sau ɗaya ya ƙare. In ce ba na so? Kuma ai 'yarki ce. Ke kika kore ta, da yanzu..."

"Da yanzu me?"

Alhaji Yekini ya san inda ake tsayawa. Ya ce a ba shi ruwa.

Abu ɗaya ya rage mata, shi take riƙe da shi kamar mai riƙe da bakin zane a cikin iska. Duniya ta ɗauki kullin, to ta ɗauka. Amma Fareedah ba 'yar sana'a ba ce, jami'a ta yi, aikin asibiti take, ɗankwali ma da ƙyar take ɗaura shi daidai. Ita dai za ta karɓa daga hannun uwarta a ɗaki a rufe, da sunan kakanninta, yadda aka saba. Ranar za ta fita da ɗaurin 'yarta a ka, dangi na Kwaciri da na Ogbomosho su gani su san na gidan wa ne.

Allah ya kawo miji, aka sa rana. Safiyar ɗaurin aure gida ya cika, ana ta girki a tsakar gida, baƙi sun zo daga kudu da ankonsu. Azeezat ma ta zo tun da wuri, ta durƙusa ta gaida uwar amarya, ta ce ko akwai abin da za ta kama. Raliat ta ce akwai masu yi. Da hantsi ta kori kowa daga ɗakinta, ta ja hannun Fareedah, ta sa sakata. Ta buɗe akwati ta ɗauko ashoken da mahaifiyarta ta koya mata da shi, ruwan ƙasa, ya sha ajiya yana ƙanshin kafur.

"Zauna, 'yata. Yau zan ba ki abin da na ce ina ajiye miki."

Ta ɗaura mata a hankali, tana faɗin sunan mahaifiyarta da na kakarta, da yadda aka yi a nata auren. Fareedah ta share ido. Raliat ta kwance ɗaurin, ta hau kujerar ta zauna, ta miƙa mata zanen. Yau kam madubi na kallonsu.

"Fara. In kin zo ƙarshe ki tsaya in kama yatsanki."

Fareedah ta fara. Tattara ta zame, ta yi dariya ta ce, "Mama, da wuya fa." Ta sake, ta karkace, uwar ta gyara mata tana jin daɗi har cikin ranta. A haka a haka aka zo ƙarshe. Raliat ta ɗaga hannu za ta kamo yatsan. Kafin hannunta ya kai, ta ji babban yatsan 'yarta a bayan kunnenta na hagu. Ya murɗa, ya tura, zane ya shige ya kama kansa. Tsaf, ba gargada, hannun wanda ya yi abin ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.

Hannun Raliat ya tsaya a sama. Suka haɗa ido a madubi. Fareedah ta gane abin da yatsanta ya yi, ta dafe baki.

"Tun yaushe?" in ji Raliat.

"Mama..."

"Tun yaushe, Fareedah?"

"Tun muna makaranta. Duk 'yan ɗakinmu sun iya, a waya muka gani. Ban san shi ne naki ba sai daga baya, wallahi. Na so in yi kamar ban iya ba, don kada ranki ya ɓaci."

Raliat ba ta yi faɗa ba. Wa za ta yi wa? Ta dubi kanta a madubi. Ɗaurin ya yi kyau, ya tashi daram, ko mahaifiyarta sai haka. Ana ta buga ƙofa ana cewa motoci sun iso. Ta miƙe ta gyara mayafi ta zare sakata.

Tana fitowa tsakar gida aka ɗauki guɗa. Tsofaffin dangi suka gane, suka shiga sa albarka. Amma su 'yan kaɗan ne, gidan 'yan mata ne suka cika shi, ƙawayen amarya da na dangin ango. Wata doguwa mai jan leshi ta taso da gudu, waya a hannu.

"Kai, Mama! Wa ya yi miki ɗaurin Zizi haka? Wallahi kamar ita ta ɗaura!"

Azeezat na zaune a kan tabarma, taku kaɗan daga wurin, ta ji komai. Raliat ta juya ta dube ta. Ta ga bakinta ya buɗe, ta ga maganar ta zo har leɓe. Tunda take a duniya ba ta taɓa son a karya mata doka ba sai ranar. A ranta roƙo take: faɗa mata, 'yar nan, faɗa musu na wace ce. Azeezat ta dubi uwar ɗakinta, ta tuna rantsuwar da aka yi mata, ta rufe baki ta sunkuyar da kai.

Yarinyar mai jan leshi ta ɗaga waya. "Mama, ɗan juyo kaɗan in ɗauki bayan kunnen."

Raliat ta juya mata kan.